BEMBEYA JAZZ: Tarihin Makaɗan Lardin Beyla Da Suka Zama Ma'aikatan Gwamnati



A makon da ya gabata na je duba wani dattijo daga cikin iyayen ƙungiyarmu a Agege, wanda jiki ya ɗan matsa masa. Muna cikin hira sai ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai takardun haraji na da, da hotuna, da faya-fayen garmaho guda shida. Ɗaya daga cikinsu yana da tambarin giwa a tsakiya. Ya ce ya saye shi ne a shekarar FESTAC, bayan ya ga masu kiɗan da idonsa a nan Legas, kuma har yau bai san ko kalma ɗaya daga abin da suke faɗa ba. Garmahon ya daɗe da lalacewa, amma faifan yana nan a naɗe cikin tsumma kamar takardar gida.

Sunan masu kiɗan Bembeya Jazz, daga ƙasar Gini. Na yi wa Baba alkawarin zan rubuta tarihinsu a shirinmu na tarihi na wannan wata. Ba don in tallata gidan rawa ba, kowa ya san matsayinsa game da wannan. Dalilina shi ne a cikin labarinsu akwai magana da ta shafi muhawarar da muke yi watanni uku ke nan a kan makaɗanmu na gargajiya da wanda zai riƙa ɗaukar nauyinsu.

GINI TA CE A'A

Ranar 28 ga Satumba 1958 Faransa ta shirya ƙuri'ar jin ra'ayi a ƙasashen da take mulka: ko su ci gaba da zama ƙarƙashin inuwarta da ɗan 'yancin cikin gida, ko su kama gabansu. A duk Afirka ta Yamma Gini ce kaɗai ta zaɓi kama gabanta, da rinjaye fiye da kashi 90 cikin 100. Jagoran wannan tafiya Ahmed Seku Ture ne, tsohon shugaban ƙungiyar ƙwadago, wanda ya faɗa wa Janar de Gaulle baki da baki a Konakiri cewa talauci cikin 'yanci ya fi musu wadata cikin bauta. Ranar 2 ga Oktoba 1958 Gini ta zama ƙasa mai cin gashin kanta.

Faransawa suka fita cikin fushi. Suka kwashe ma'aikatansu da kayan aiki, suka yanke tallafi. Sabuwar gwamnati ta sami kanta da baitulmali kusan wayam, ga ƙabilu daban-daban da ake so a ɗinke su zama al'umma ɗaya: Fulanin Futa Jalon, Malinke na gabas, Susu na bakin teku, da ƙabilun daji na kudu. Seku Ture ya ga cewa inda babu kuɗin gina manyan ayyuka, kuma yawancin jama'a ba sa karatun boko, kiɗa da rediyo za su kai saƙo inda jarida ba ta zuwa.

Kafin 'yanci, makaɗan zamani a biranen Gini kwaikwayon kiɗan Faransa da na Kyuba suke yi don Turawa da 'yan boko su taka. Gwamnati ta rushe waɗannan ƙungiyoyi masu zaman kansu. A farkon 1959 ta kafa ƙungiyar makaɗa ta ƙasa mai suna Syli, kalmar da ke nufin giwa da harshen Susu, kuma giwa ce alamar jam'iyya mai mulki, PDG. Daga nan aka umarci kowane lardi ya kafa tasa ƙungiyar, har suka haura talatin. Gwamnati ce ke sayen jita da ganguna da kayan busa. Sharaɗin kuwa ɗaya ne: a koma ga waƙoƙin gargajiya na yankin, a sa musu kayan kiɗan zamani, a rera su da harshen gida.

Aka kuma tsara gasa hawa-hawa, daga gunduma zuwa lardi, daga lardi zuwa babban biki a Konakiri. Ƙungiyar da ta yi fice a can ana iya ɗaga ta zuwa matsayin ta ƙasa, 'ya'yanta su shiga jerin masu karɓar albashi kamar malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti.

BEYLA, GARIN DA KE CAN ƘURYA

Beyla gari ne a kudu maso gabashin Gini, kusa da iyakar Kodebuwa. Nisansa daga Konakiri ta mota ya fi na Legas zuwa Abuja, kuma a wancan zamani hanyar ba ta da daɗi ko kaɗan. Tsohon zangon fataken goro ne, mutanensa kuma dangin Mande ne, wato jinsin Wangarawan nan da tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji. Ba wanda zai zaci daga irin wannan wuri za a sami makaɗan da za su girgiza Afirka.

A 1961 gwamnan lardin, Emile Condé, ya tara matasa ya kafa ƙungiyar makaɗan Beyla. Shugabanta Hamidou Diaouné ne. Daga baya suka ɗauki sunan Bembeya, wani rafi da ya ratsa garin. Kalmar Jazz da suka liƙa a baya ado ce irin ta zamanin, yawancin ƙungiyoyin larduna haka suka yi: akwai Kebendo Jazz a Gekedu, da Palm Jazz a Masenta, da Nimba Jazz a Nzerekore.

Mutum biyu ne suka fi ɗaga sunan Bembeya. Na farko Sékou Diabaté, mai kaɗa jita, haifaffen 1944. Shi ɗan gado ne. A ƙasar Mande akwai gidajen da ake kira jeli, su ne masu riƙe da tarihin sarakuna da kirarin zuriya, kamar yadda muke da makaɗan fada da maroƙa na gado. Diabaté da Kouyaté sunayen irin waɗannan gidaje ne. Sékou ya tashi yana jin balafo, wani abin kiɗa na katakai da ake jerawa bisa ƙoƙuna ana bugawa da 'yan sanduna, da kuma kora mai tsirkiya 21. Abin da ya yi shi ne ya ɗauko tafiyar waɗannan kayan ya zuba ta a kan jitar lantarki. Wanda ya saba da kukuma ko gurmi, in ya saurare shi, zai ji yadda tsirkiya ke amsa wa mawaƙi kamar ana zance.

Na biyu Aboubacar Demba Camara, mawaƙi, shi ma haifaffen 1944. Shi ba ɗan gidan jeli ba ne, aikin kafinta ya koya. A al'adarsu ta da, irinsa ba ya tsayawa gaban jama'a ya yi waƙa. Sabon tsarin ne ya buɗe masa ƙofa, ya shiga ƙungiyar a farkon shekarun 1960, ya bi tsofaffi yana koyon tarihi da karin magana har ya zama ana kwatance da shi. Tare da su akwai Salifou Kaba a waƙa, da Mohamed Achken Kaba da Sékou Camara a busa, da Mory Condé da ake kira Mangala a kan ganguna.

Faifansu na farko wani Ba'amurke ne ya ɗauke shi, Leo Sarkisian, wanda a lokacin yake yawo a Gini da na'urar ɗaukar murya. Tsofaffin masu sauraron Muryar Amurka za su iya tuna shi, domin daga baya shi ne ya kafa shirin kiɗan Afirka na sashen Turanci na gidan.

DAGA LARDI ZUWA BABBAN BIRNI

Bembeya ta lashe gasar ƙasa a 1964, ta sake lashewa a 1965. A 1966 aka ɗaga ta zuwa ƙungiyar ƙasa, aka kwaso su daga Beyla zuwa Konakiri. A can suka tarar da manya biyu da suka fito daga tsohuwar Syli: ƙungiyar Keletigui Traoré da ta Balla Onivogui. Akwai kuma ƙungiyar mata zalla ta jami'an jandarma, waɗanda aka fi sani da Amazones. Ƙauyawa daga ƙurya suka shigo tsakanin waɗannan gwanaye, cikin 'yan shekaru suka sha gabansu.

Yana da kyau mu fahimci yadda aikinsu yake, domin nan ne bambancinsu da makaɗan da muka saba gani. Ba jiran biki ko suna suke yi ba, ba kuma liƙi ne abincinsu ba. Albashi ake biyansu a ƙarshen wata. Da rana suna gwaji, da dare suna wasa a wurin da aka ware musu. In baƙon shugaban ƙasa ya zo, su ne a fada. In ana taron jam'iyya, su ne a fili. In gwamnati na son a san Gini a waje, a sa su a jirgi. Sun je har Kyuba a tsakiyar shekarun 1960, ƙasar da kiɗanta ya yi tasiri sosai a kansu. Ana ɗaukar waƙoƙinsu a ɗakin gidan rediyon gwamnati, sannan kamfanin faifai na gwamnati, Syliphone, ya buga su da tambarin giwar nan da na gani a akwatin Baba.

Amfanin wannan tsari a bayyane yake. Mutumin da ba ya tunanin abin da za a ɗora a murhu gobe yana da lokacin zama ya gyara sana'arsa. Mutum goma sha wani abu da ke gwaji tare kullum na tsawon shekaru, dole hannunsu ya zama ɗaya. Shi ya sa in ka saurari faifan da suka yi a 1971 na cikar su shekara goma, wanda aka ɗauka kai tsaye a babban zauren taro na Konakiri, za ka ji masu busa suna shiga tare suna fita tare kamar numfashin mutum guda.

WAƘAR SAMORI

Aikin da ya fi ɗaukaka su shi ne wanda suka sa wa suna Regard sur le Passé da Faransanci, ma'ana waiwaye ga abin da ya wuce. Tarihin Almami Samori Ture ne, wanda ya kafa daular Wasulu ya yi shekaru yana gwabzawa da Faransawa, har suka kama shi a 1898 suka kai shi Gabon, inda ya rasu a 1900. A 1968 gwamnatin Gini ta yi bikin dawo da gawarsa gida, kuma a wannan yanayi ne Bembeya ta tsara waƙar.

Sun gina ta ne a kan wata tsohuwar waƙar jeli ta yabon Keme Burema, ƙanen Samori kuma sarkin yaƙinsa. Ta cinye fuska biyu na faifai, fiye da rabin awa. Ana ba da labari da Faransanci, Demba yana rerawa da Malinke, balafo da jita da kayan busa suna ɗauke da su. Ƙungiyar da aka sani da kiɗan rawa sai ga ta ta sa jama'a sun zauna sun yi tsit suna sauraron tarihi. Makaɗan zamani a Mali da sauran maƙwabta suka ga ashe ana iya haka, suka bi sahu.

Amma akwai abin lura. Seku Ture yana danganta kansa da zuriyar Samori ta wajen uwa, don haka yabon kaka yabon jika ne, kuma kowa a Gini ya gane haka. Sannan Samori na waƙar gwarzo ne da ba shi da tabo. A arewacin Kodebuwa, inda rundunarsa ta rusa birnin malamai na Kong a 1897, da arewacin Gana, ba haka ake tuna shi ba. Akwai ma wani rubutun ajami na Hausa da wani Malam Abu ya yi a can ƙasar Gana kan yaƙe-yaƙen Samori da Babatu. Wanda ya biya makaɗi shi ke zaɓar ɓangaren tarihin da za a rera.

LADAN KUTURU

Hausawa suka ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Bembeya da takwarorinta sun yi askin. Sun yi waƙar jam'iyya, sun yi ta sojojin Gini, sun yi ta manufofin gwamnati ɗaya bayan ɗaya. Suna da waƙoƙin soyayya da na nishaɗi da na gargaɗi, irin su Mami Wata da Whisky Soda da Ballaké, amma babu wadda ta taɓa mai mulki.

A daidai shekarun da kiɗan ke tashe, mulkin Seku Ture yana ƙara tsanani. A cikin Konakiri akwai barikin Boiro, inda ake tsare waɗanda ake zargi da cin amanar juyin juya hali. Fodéba Keïta, wanda ya kafa shahararriyar ƙungiyar rawa ta Ballets Africains kuma ya riƙe manyan muƙaman minista, an kama shi a 1969, bai fito da rai ba. Bayan harin da sojojin Fotugal suka kai Konakiri ranar 22 ga Nuwamba 1970, aka shiga kame babu ji babu gani, aka rataye mutane a bainar jama'a a Janairun 1971. Dubban ɗaruruwan 'yan ƙasar suka tsere zuwa Sanagal da Kodebuwa da sauran wurare. Har masu gadin barikin Boiro suna da tasu ƙungiyar makaɗa, Super Boiro Band, kuma faya-fayenta na fita da tambarin giwa kamar na kowa.

Ba na kawo wannan don in ɗora wa makaɗan laifin da ba nasu ba. Mutumin da albashinsa da gidansa da jitar da ke hannunsa duk na gwamnati ne, kuma ya ga abin da ya sami minista, ba sai an ce masa ya yi shiru ba. Mu ma mun san makaɗin fada ba ya zambo ga ubangidansa. Sai dai a ƙasar Hausa, in fada ta yi wa makaɗi zafi yana iya komawa wata, ko ya kama manoma da 'yan kasuwa da 'yan dambe, kamar yadda Mamman Shata ya yi wa kowane irin mutum waƙa bai zauna a ƙofar mutum ɗaya ba. A Gini ta wancan lokaci ƙofa ɗaya ce tak.

RASUWAR DEMBA

A ƙarshen Maris 1973 aka gayyaci Bembeya wasa a Dakar. A hanyarsu daga filin jirgin sama motar da ta ɗauko Demba da Sékou Diabaté da Salifou Kaba ta yi hatsari. Sauran biyun suka ji raunuka suka warke. Demba ya rasu ranar 5 ga Afrilu 1973, bai cika shekara 30 ba. Aka kawo gawarsa Konakiri, gwamnati ta yi masa jana'iza irin ta manyan ƙasa, jama'a suka yi dafifi.

Ƙungiyar ta yi kusan shekara uku kafin ta dawo hayyacinta. Da aka rasa mutum ɗaya da zai maye gurbinsa, sai aka ɗauki mawaƙa uku su raba aikin: Youssouf Bah, Moussa Touré da Nagna Mory Kouyaté. A nan ma tsarin albashi ya yi rana. Da ƙungiya ce ta mutum ɗaya, da ranar da aka binne shi ta watse, kamar yadda muka sha gani in babban makaɗi ya rasu 'yan amshinsa kowa ya kama gabansa.

SUN ZO LEGAS

Daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977 Nijeriya ta karɓi baƙuncin bikin al'adun baƙar fata na duniya karo na biyu, FESTAC 77. Dominsa aka gina babban gidan wasa na ƙasa da ke Iganmu, da rukunin gidajen da har yau muke kira Festac. A Kaduna kuma aka yi gagarumin hawan daba. Cikin waɗanda suka yi wasa akwai Stevie Wonder daga Amurka, da Franco daga Zayar, da Miriam Makeba wadda a lokacin take zaune a Gini. Bembeya Jazz na cikin tawagar Gini, kuma daga wannan zuwa ne laƙabin mai yatsun lu'ulu'u ya bi Sékou Diabaté.

Baba ya ce abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne shigarsu iri ɗaya da yadda ba wanda ya sauko neman liƙi. Suka yi abin da ya kawo su, suka rusuna, suka tafi. Abin da shi da sauran 'yan kallo ba su sani ba, a daidai waɗannan makonni Diallo Telli, Bafulatanin da ya fara riƙe muƙamin babban sakataren Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, yana kulle a Boiro. An hana shi ci da sha har ya rasu, 'yan makonni bayan rufe bikin.

RANAR DA INUWA TA GUSHE

A farkon shekarun 1980 wani matashi mai zaƙin murya, Sékouba Diabaté, ya shigo ƙungiyar. Aka laƙaba masa Bambino don a bambanta shi da babban Sékou. Ya dawo musu da farin jini wajen matasa. Amma tattalin arzikin ƙasar ya riga ya durƙushe. Dab da ƙarshen mulkinsa Seku Ture ya fara sakin manyan ƙungiyoyin, aka ba Bembeya wurin wasa nata, aka ce ta ci da kanta.

Ranar 26 ga Maris 1984 Seku Ture ya rasu a wani asibiti a Amurka. Mako guda bayan haka sojoji ƙarƙashin Kanar Lansana Conté suka karɓe mulki, suka buɗe Boiro. Syliphone ta mutu tare da mai ita. Ƙungiyoyin larduna, waɗanda ba su san wata hanyar samu ba sai ta gwamnati, suka bushe ɗaya bayan ɗaya. In tsirkiya ta tsinke ko abin busa ya lalace babu mai sayen wani. Waƙoƙin yabon tsohuwar jam'iyya suka zama abin da ba a son ji a rediyo. A Yulin 1985, lokacin wani yunƙurin juyin mulki, aka yi luguden wuta a gidan rediyon, wani ɓangare na ma'ajiyar ya salwanta.

Bembeya ta fi sauran sa'a saboda sunanta ya riga ya kai waje. Ta je Turai a tsakiyar shekarun 1980, ta yi wasu faya-faye a can. Duk da haka zamani ya juya, matasa sun koma ga mawaƙi ɗaya da na'urar kiɗa, wanda ya fi sauƙin biya a kan mutum goma sha biyu. Bambino ya fita ya kama tasa sana'ar. Wajen farkon shekarun 1990 ƙungiyar ta yi shiru. Sai a ƙarshen shekarun aka sake tattaro dattawan, kuma a 2002 suka fitar da sabon faifai mai suna Bembeya a Faransa, suka zagaya Turai da Amurka da furfurarsu.

Sauran abin da ya tsira a gidan rediyon Konakiri ya yi shekaru cikin ƙura da zafi. Wani mai bincike ɗan Ostireliya, Graeme Counsel, shi ne tsakanin 2008 da 2013 ya zauna ya kwafe tsofaffin zaruruwan ɗaukar murya zuwa kwamfuta da tallafin Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya. Waƙoƙi fiye da 9,000 aka ceto. Abin da ƙasa ta kashe kuɗinta na shekara 25 tana tarawa, sai da baƙo ya zo daga wata uwa duniya kafin a adana shi.

ABIN DA YA SHAFE MU

Yanzu in dawo gida. Muna da makaɗanmu a nan: masu kalangu da masu algaita da 'yan kakaki da ke fitowa ranar Sallah, da ranar naɗin sarauta, da duk lokacin da aka gayyaci al'ummar Hausawa taron al'adu a jihar nan. Su ne fuskarmu a irin waɗannan wurare. Yawancinsu sun manyanta, 'ya'yansu kuma sun kama acaba da kasuwa domin sana'ar ba ta riƙe gida. Shekara da shekaru mutum ɗaya ne cikin masu hali yake ɗinka musu riguna yana biyan kuɗin mota, Allah ya saka masa da alheri. A taron da ya wuce wasu sun ce a bar masa abin tunda bai gaji ba, wasu sun ce ƙungiya ta karɓa.

Ni dai ra'ayina, a matsayina na ɗan ƙungiya ba da sunan kwamiti ba, tarihin Bembeya ya nuna gaskiyar kowane ɓangare. Makaɗi in ya sami abin dogaro na wata-wata da lokacin gwaji, zai kai inda ba a zata ba, ko daga wace ƙurya ya fito. In kuma abin dogaron nan daga hannu ɗaya yake fitowa, to bakinsa na mai hannun ne, kuma ranar da hannun ya janye shi ke nan. Gara kowannenmu ya riƙa sa ɗan abin da ya sawwaƙa a asusu na musamman, mai hali ya ƙara nasa a kai, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a kuma sa sharaɗin kowane makaɗi ya ɗauki yaro ɗaya yana koya masa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na biyu, ma'ajiya. A gidajenmu akwai kaset-kaset na naɗin sarakunanmu na nan kudu, da wa'azin malaman da suka riga mu gidan gaskiya, da bukukuwan da aka yi tun kafin a haifi wasunmu. Damina da zafin Legas ba sa barin zaren kaset. Kada mu jira wani ya zo daga Ostireliya. Duk mai irin waɗannan kaya ya kawo wa sakatariya, za mu rubuta sunansa, matasanmu masu ilimin kwamfuta su kwafe, a mayar masa da abinsa. Haka kuma dattawan da suka ga FESTAC da idonsu, da waɗanda suka san yadda aka kafa unguwanninmu, ya kamata a zauna da su da na'urar ɗaukar murya tun suna iya ba da labari.

Za a saka maganar asusun a ajandar taron wata mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai goyon baya da mai ja duk su zo da hujjarsu.

Baba kuwa jikansa ya nemo masa waƙoƙin faifan nan a waya, ya saurara har ƙarshe bai ce uffan ba, sannan ya ce a mayar da faifan cikin tsummansa. Muna roƙon 'yan uwa su sa shi a addu'a. Allah ya ba shi lafiya, ya jiƙan magabatanmu, ya ƙara haɗa kanmu.

Wassalam.

Sakataren Ƙungiya